Kwanon da ake miƙawa babu komai

Talata, Yamai.

Tun ƙarfe bakwai na tsallako gadar Kennedy daga Harobanda, ina ta murna yau zan gama aikin Alhaji mai shinkafa na Wadata. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: in an sayar da buhu, rumbun bayanai ya rage shi daga kaya, ya kuma dawo da lambar rasit da adadin buhunan da suka saura. Amsa biyu ke nan daga kira ɗaya, shi ya sa na rubuta furosija, wato jerin umarni da ake ajiyewa a rumbun ana kira, mai OUT guda biyu, wato gurbi biyu na fitar da amsa. A kwamfutata jiya da dare ta yi aiki sumul.

Ina ɗora ta a kan injin shagon sai ta ƙi. Na duba waƙafi, na duba baka, har na fara zargin zafi. Sai wajen azahar na tuna in tambayi injin shekarunsa: manhajar rumbun bayanansa PostgreSQL ce, fitowa ta 13. Tawa 16 ce. Fankishin, ɗan'uwan furosija, ya san OUT tun 8.1, a 2005, amma furosija sai a 11 ta zo, a 2018, kuma ta iya IN, gurbin shigar da bayani, da INOUT, na shiga da fita, amma ban da OUT. Sai a 14, a 2021, aka ba ta OUT. Ga shi ma saƙon kuskuren ya faɗa mini INOUT ya halatta, idona ne ya tsallake layin.

Alhaji ya leƙo: "Ɗana, injin ne ko kai ne?" Na ce, "Alhaji, mu biyun ne." Ya aika a kawo fura.

Yaron da ya ɗauki kwano ya fita ne ya sa na yi dariya ni kaɗai, don haka abin yake. A CALL, umarnin kiran furosija, dole ka miƙa gurbin amsar, ka rubuta NULL, kwano babu komai, furosija ta cika ta maido maka. Na mai da su INOUT, na miƙa NULL biyu, sai ga rasit da saura. Gara ma wannan da ke ƙi a fili. A SQL Server, wata manhajar rumbun bayanai daban, in ka manta kalmar OUTPUT wajen kira, shiru zai yi maka, kwanonka ya dawo yadda ya tafi.

Sabunta injin sai Juma'a in an rufe shago. La'asar kuran ya ɗauke, na tattara na kama hanya kafin gada ta cushe.