Kwamfutar Baba ta tashi, amma ban kashe ta ba

Asabar, da dare.

Tun hantsi nake kan kwamfutar Baba, Allah ya ji ƙansa. Pentium II ce ta 1998, kuma rabon da a kunna ta an haura shekara goma. Yaya ce ta matsa mini a waya: "Ƙanina, duk rubuce-rubucensa suna ciki. Ka duba mana tun ba ta lalace ba." Na ce to, Yaya, yau zan zauna mata.

Na jona, na danna. Fanka ya ɗauka, koriyar fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Shirun da ta yi ya fi baƙin allon damuna. Irin waɗannan kwamfutoci, da an kunna su BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ke bin kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. In komai lafiya sai ka ji ƙara ɗaya gajeriya, in da matsala kuma yanayin ƙarar ne ke gaya maka inda ciwon yake. Wannan ko ƙit ba ta ce ba.

Na zare wuta na kwance murfi. Ƙura ta yi dandazo a kan fanka kamar auduga. Na fara da wuta, domin in tushen ya lalace duk wani bincike ɓata lokaci ne. Na mayar da wutar na sa mita a filogin faifai: jar waya ta ba da bolt 5, rawaya ta ba da 12. Na haska kafasitoci, 'yan gwangwanayen da ke riƙe caji, da tocila ina neman wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa, ban ga ko ɗaya ba. A nan ne idona ya kai kan wata siririyar waya tana lilo. Ashe wayar 'yar sifikar ciki ce ta fice daga mazauninta. Wato tun ɗazu kwamfutar tana ta kuka, bakinta ne a toshe.

Ina mayar da ita na kunna, sai ga doguwar ƙara, ta tsaya, ta sake, ba ƙaƙƙautawa. Wallahi daɗi na ji. BIOS ɗinta na kamfanin Award ne, kuma a wurinsa wannan kukan na ram ne, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta. Da doguwa ɗaya ce da gajeru biyu, da katin hoto zan nufa. Na ciro ram ɗin guda biyu, masu haƙora 168, zinarensu ya dushe ya yi duhu. Na goge su a hankali da robar goge fensir har suka yi ƙyalli, na hure, na sa guda ɗaya kaɗai. Kukan bai daina ba. Na cire na sa ɗayan. Ƙara ɗaya, gajeriya! Allo ya yi haske, lambobi suka hau gudu har suka tsaya a 65536K, girman ram ɗin ke nan.

Sai ta yi ƙorafin cewa saitinta ya ɓace. Wannan na san da zuwansa. Batirin CR2032 da ke riƙe agogo da saiti bolt 3 ya kamata ya bayar, nata ko ɗaya bai kai ba. Na canza shi, na danna maɓallin Del na shiga saiti, na gyara kwanan wata.

Daga nan fa aka zo wurin da hankalina ya tashi. Ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Na duba faffaɗar wayar faifan ajiya mai rami 40, jan layinta yana gefen fil na ɗaya yadda ya kamata. Na kara kunne a jikin faifan ajiya: wani ɗan gunji, sai shiru. Ba ya juyawa. Faifan da ya daɗe a ajiye, kan da ke karanta shi yakan manne a jikin farantin, injin ya kasa motsa shi. Wasu sukan ce a buga shi da tebur ko a sa shi a firji. Ban yarda ba, balle da rubutun Baba a ciki. Na kashe, na kwance shi, na riƙe shi a kwance a tafin hannu, na murza wuyan hannuna da sauri sau biyu, kamar mai buɗe murfin kwalba. Na mayar, na yi bisimilla.

Sautin ya fara ƙasa-ƙasa yana hawa har ya daidaita. Can sai ga gajimaren Windows 98.

Na daɗe ina kallon allon. Fayilolin suna nan da sunayen da ya sa musu, har da guda mai suna "wasiƙa ga yara" wanda ban iya buɗewa ba tukuna. Windows 98 ba ta gane filashi sai an sa mata direba, wato manhajar da ke sa ta gane shi, don haka na lalubo faifan filofi uku a cikin wani kwali. Kowanne megabait 1.44 yake ɗauka, ɗaya kuma ya ƙi karantuwa. Biyun sun ɗauke rubuce-rubucen kaf. Hotuna ne suka rage, su sai na samo wayar da ke haɗa irin wannan faifan da USB.

Na kira Yaya na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kar ka buɗe wasiƙar sai na zo."

Ina tsoron in na kashe faifan ya sake mannewa, shi ya sa na bar ta a kunne, murfi a buɗe. Daga nan inda nake rubutu ina jin gunjinsa.