Ranar da na koyar da dokar yaƙi a gindin darbejiya

Shekarun baya an gayyace ni in yi wa wasu 'yan sa-kai bita a wani gari a jihar Borno, kan dokokin da ke tsare farar hula lokacin yaƙi. Na je da takarduna a tsare kamar mai shiga aji. Na faro daga Solferino a Italiya, inda Henry Dunant, wanda daga baya ya assasa ƙungiyar agaji ta Red Cross, ya ga dubban sojoji kwance da raunuka babu mai ba su ko ruwa a 1859, na gangaro kan yarjejeniyoyi huɗu da aka rattaba wa hannu a Janiba a 1949. Kafin in kai rabi wasu sun fara gyangyaɗi, wasu na wasa da gorarsu.

Wani dattijo maharbi ne ya cece ni. Ya ce, "Malam, wannan duk zancen Turawa ne. Mu namu fa?" Sai na ajiye takarda na kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura runduna Sham, wadda take cikin Muwaɗɗa: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a yanka dabba sai don ci. Nan take aka gyara zama. Da ma da ita ya kamata in fara, ƙuruciyar boko ce ta hana ni.

Inda aka sha gumi shi ne zancen wanda aka kama. Na yi kuskure na kira shi fursunan yaƙi, alhali wannan matsayi na yarjejeniya ta uku ne, kuma yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ya shafa. A rikicin cikin gida irin namu, sashe na 3 da ke cikin dukkan yarjejeniyoyin huɗu ne ke aiki. Ana iya gurfanar da mutum a kotu a hukunta shi, amma ba a azabtar da shi, ba a kashe shi ba tare da shari'a ba, in yana da rauni kuma a yi masa magani. Bayan sallar Azahar na dawo na gyara maganata a gabansu.

Sai wani saurayi ya miƙe, muryarsa na rawa. Ya ce an yanka yayansa a gona, ya za a ce ya ba wanda ya yi haka magani? Su suna bin dokar ne? Amsar da ke littafi na sani sarai: wannan sashe ya hau kan kowane ɓangare, kuma saɓawar abokin gaba ba ta halatta maka taka. Na faɗa masa haka, amma ta fito mini a bushe, ni kaina na ji.

Dattijon nan ne ya sake magana. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin an kama wani bisa kuskure, daga baya ta bayyana manomi ne. Yaron ya yi shiru, can ya ce sau biyu. Ya koma ya zauna.

Tun daga ranar, duk inda zan yi irin wannan bita, nakan fara neman dattijon wurin mu gana tukuna.