Talata, bakin Dilimi

Sanyin yau ya fi na jiya. Ban gama shayi ba Hafsat ta faɗo, wai abokin aikinta mai mota ya fasa, "Kawu, don Allah." Haka na kwashe ta da kwalabenta da 'yar raga zuwa bakin kogi ta wajen Farin Gada.

Tana aikinta ne na kammala digiri a Jami'ar Jos. Duk wata sai ta ɗebi ruwan Dilimi ta auna yawan iskar oksijin da ke ciki da tsaminsa da gurɓacewarsa, sannan ta kwaso laka ta zauna tana ƙirga 'yan halittun da suka fito. Ni dai riƙe bokiti ne nawa.

Muna cikin haka wani dattijo mai lambu ya kashe injin ban ruwansa ya matso.

"'Yata, me ya faɗa ciki?"

"Baba, lafiyar ruwan muke dubawa."

"Lafiyarsa ƙalau. Jiya jiyan nan yara suka kama tarwada."

Sai da ta ɗan russuna kafin ta ce masa tarwada ba shaida ba ce. Tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska daga saman ruwa, don haka tana rayuwa inda sauran kifaye suka daɗe da ƙarewa. Ta miƙa masa faranti cike da jajayen tsutsotsi. Ta ce jan nan sinadarin riƙe iska ne irin na jininmu, shi ya sa suke yawa a ruwan da ƙazanta ta cinye iskarsa. 'Ya'yan ƙwarin da ke maƙalewa ƙarƙashin duwatsu a ruwa mai tsabta kuwa, ta juya dutse bayan dutse, babu.

Baba ya daɗe yana kallon farantin. "Na ji, 'yata. To latas ɗin nan da me zan shayar da shi?"

Hafsat ta sunkuyar da kai ta hau rubutu.

Tambayar nan ce ta hana ni sakat duk yinin. Ba shi ya zuba ledar ba, ba shi ya juyo kwata cikin kogi ba. Ruwan ya ratso Rikkos da Gangare ya ɗebo namu kafin ya iso gonarsa. Kuma ba a Jos yake tsayawa ba. Ya gangara Bauchi ya shiga kogin Jama'are, har fadamun Haɗeja da Nguru, inda wasu ke cin abinci da su. Auna ruwa yana da amfani, ban musa ba, ko ba komai gobe wani ba zai ce ƙarya ne ba. Amma wa zai kai lambobin Hafsat gaban masu kwashe shara?

Ya haɗa mu da latas kyauta. Maman Abba ta wanke da gishiri, ta sake wankewa, muka ci.

Abba ya fasa gilashin taga da ƙwallo. Hafsat ta turo saƙo wai mako mai zuwa madatsar Lamingo, na ce ta zo da kuɗin mai.