Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a makon sakamako

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, sakamakon jarrabawar ɗalibanmu ya kammala, kuma akwai mutanen da ba zan yi shiru a kansu ba.

Kwamfutar da muke tara makin yara a makarantarmu nan Birnin Kebbi tsohuwa ce, Ubuntu ke kanta, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta; ram ɗinta kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da ake kai, gigabayit 4 kacal. Da zarar malamai sun taru suna shigar da maki, sai ram ya cika, manhajar ta mutu ana tsaka da aiki. Ashe haka Linux yake: idan wuri ya ƙare masa, sai ya kashe shirin da ya fi cin wuri don shi ya tsira. Tun da farko an ware mana suwaf, wato wani yanki na faifan ajiya da kwamfuta ke arowa idan ram ya cika, aka kunna shi da umarnin swapon. To amma aikin swapon iyakarsa a kashe kwamfuta. Kun kuwa san halin wuta: a ɗauke, a tayar da janareta, kwamfuta ta tashi babu suwaf, mu koma gidan jiya.

Wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a jami'ar Aliero ne ya gano bakin zaren. Ya buɗe /etc/fstab, fayil ɗin da kwamfuta ke karantawa duk sanda ta tashi. Sai da ya ajiye kwafinsa a gefe tukuna, domin kuskure a cikinsa na iya hana ta tashi, sannan ya ƙara layi ɗaya: /swapfile none swap sw 0 0. Ya kashe, ya kunna, ya buga swapon --show, ga suwaf nan ya tashi da kansa.

Ɗana, ka ƙi karɓar ko kuɗin mota. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne gaskiyar da ka faɗa, cewa suwaf ya fi ram jinkiri nesa ba kusa ba, mu daure mu ƙara ram. Za mu ƙara, in sha Allahu. Allah Ya yi wa karatunka albarka, Ya saka wa iyayenka da alheri.

Malamai da kuka sake shigar da makin da ya ɓace har bayan Isha'i, da Baba mai gadi da ya yi ta fama da janareta, na gode ƙwarai. Iyaye, mun ga haƙurinku. A zo karɓar sakamako ranar Asabar da safe.