Aikin hulɗa da jama'a: ka ɗauki waya in ɗan jarida ya kira

Ɗan ofishinmu yana Wuse 2 a Abuja, aikinmu hulɗa da jama'a, wato mu ne bakin kamfanoni da ƙungiyoyi wajen 'yan jarida da mutanen gari. Da yawa sun ɗauka aikin bai wuce a kama hol a otal a kira taron manema labarai a ɗau hoto a watse ba, wallahi wannan shi ne mafi sauƙi a ciki.

Abin da na fi nanata wa yaran ofis shi ne waya. Ɗan jarida in ya kira ka biyar na yamma to edita na can zaune yana jiran labari ne, in ka ƙi ɗauka ba fasawa zai yi ba, gobe sai ka ga an rubuta wai an nemi jin ta bakin kamfanin abin ya ci tura, shikenan mai karatu ya yanke hukunci. Ka ɗauka, ko ba ka da amsa ka ce malam ba ni awa ɗaya in tambayo, kuma ka cika alkawarin. Ƙarya kam kar ka soma, 'yan Aminiya da Leadership Hausa da NAN, wato kamfanin dillancin labarai na Najeriya, duk sun san juna, rana ɗaya sunanka zai zagaye su.

In wani oga ya ce mu yi shiru ƙura ta lafa, nakan ce ranka ya daɗe ka tuna da Tylenol, maganin rage ciwo na kamfanin Johnson & Johnson. A 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Chicago ta Amurka bayan an sa guba a maganin, Johnson & Johnson ba su ɓoye ba, suka fito suka gargaɗi jama'a, suka janye kwalba wajen miliyan 31 daga kasuwa, kuma maganin ya dawo ya ci gaba da ciniki.

Sanarwa kuma ba ta fita sai mutum biyu sun duba suna da muƙami, musamman sarauta, ka kira Ciroma da Galadima ka ga yadda taro ke lalacewa tun kafin a buɗe da addu'a. Wadda za ta je rediyo da Hausa muke rubuta ta tun farko, sai ɗaya ya karanta da ƙarfi mu ji inda harshe ke sarƙewa mu gyara.

Duk wanda zan ɗauka aiki sai na tambaye shi rajistar NIPR, wato cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta Najeriya, tun 1990 doka ta ba cibiyar ikon kula da wannan sana'a, in ba shi da ita mu taimaka masa ya yi.