Wanda Ya Taya a Waya Bai Saya Ba

Jiya da la'asar ɗan ƙanena ya shigo zaure yana washe baki. Injin casar shinkafar babansa ya sa gwanjo a wani zauren WhatsApp na manoma, wai wani ya ɗora dubu 150 a kan tayin kowa. Na ce wane ne? Ya ce, "Baffa, Alhaji dai ya rubuta." Ya zo ya ga injin? A'a. Ya ba da kafin alƙalami? Sai yaron ya kalle ni kamar da wani yare na yi masa magana.

To, nima na taɓa wannan washe bakin.

A watan Fabrairun 2023 ne, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta fi zinare wuyar gani. Bashi ya sha mini kai, na sa taraktata Massey Ferguson 375 gwanjo a Facebook, na ce kwana 3 za a rufe. Wani dattijo ya taso daga Kura da bakanikensa, suka tayar da ita, suka duba hayaƙin, bakaniken har ya kwanta ƙarƙashinta yana shafa inda mai ke ɗiga. Ya taya miliyan 6, ya ce shirin shinkafar rani yake, gobe zai biya. A daren nan wani da ban san ko launin hularsa ba ya rubuta miliyan 6 da dubu 800. Da safe na ce wa dattijon albarka. Bai yi musu ba, ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya kaɗe rigarsa.

Kada a ce kwaɗayi ne zalla. Dubu 800 kuɗin taki ne na gona guda, kuma ana bina. Wa zai ƙi? Sai dai gaskiya ko lambar mutumin ban nemi wanda ya santa ba.

Ya ce Alhamis zai zo. Alhamis ta yi, an yi masa rasuwa. Litinin, direbansa ya yi haɗari. Ran Juma'a da yamma sai ga alat ya shigo, da sunan banki da komai, yana ta bugo waya a ba yaransa makulli. A lokacin kowa kukan kuɗinsa sun maƙale a hanya yake, shi ya sa da ban ga komai a asusuna ba na ɗora wa netwok laifi. Uwargida ce ta ɓoye makullin a cikin kwanon daddawa, ta ce sai Litinin. Na yi mata faɗa kuwa. Litinin ma'aikacin banki ya duba ya ce ko kwabo bai shigo ba. Na koma Kura ina sunkuyar da kai, dattijo ya riga ya sayi wata. Bayan wata guda na sallama wa dillali a miliyan 5 da rabi, ya kuma cire la'adarsa.

Na so in jero muku shawarwari goma, amma ku yaran yanzu ko saƙon murya na minti 2 ba kwa iya saurara. Duk wanda bai ajiye kafin alƙalami ba, tayinsa iska ne, goge shi. Alat ba kuɗi ba ne, buɗe asusunka ka gani da idonka. Kada ka sallami mai tayi na biyu sai na farko ya biya. Da ni ne ma, a bar gwanjon wayar nan, a nemi dillalin da aka san ƙofar gidansa. Ko da yake dillalin ne ya yanke ni, kuma ta Facebook ɗin dattijon Kura ya same ni. Oho dai.

Duk wannan bayanin da nake, yaron kansa na kan waya. Can ya ɗago ya ce, "Baffa, Alhajin ya ce Alhamis zai zo."