Daga Tokiwadaira zuwa Yokosuka: kwanakin da mamaci ke yi a ɗaki kafin a sani

Jirgin ƙasan da na hau a tashar Ueno ta Tokiyo ya kai ni Matsudo cikin kamar minti ashirin. Can na sauya zuwa wani ƙaramin layi, bayan 'yan tashoshi na sauka a Tokiwadaira. Abin da ya kawo ni rukunin gidaje ne irin wanda Japanawa ke kira danci: benayen siminti jere reras, gida wajen 4,800, waɗanda hukumar gidaje ta ƙasa ta gina aka fara tarewa a cikinsu wajajen 1960. A wancan zamani matasan ma'aurata masu aikin albashi ne suka yi rububinsu, har sai da ƙuri'a ake samu. Yanzu 'ya'yan sun watse, iyayen sun tsufa a ciki. Yawancin benayen ba su da na'urar hawa, don haka tsohon da ke hawa na huɗu, ranar da gwiwa ta ƙi, ranar ya fara rage fita. Ƙofofin kuwa na ƙarfe ne, in an rufe ba ka jin motsin kowa.

A nan ne, a farkon shekarun 2000, aka tsinci ƙasusuwan wani mutum da ya shekara uku da rasuwa a ɗakinsa. Abin da ya ɓoye mutuwar tasa tsarin biyan kuɗi ne. Haya da wuta da ruwa duk banki ke cirewa kai tsaye daga asusunsa kowane wata, ba mai dalilin ƙwanƙwasa masa ƙofa. Sai da asusun ya ƙare, haya ta daina shiga, sannan aka zo. Japanawa na kiran irin wannan mutuwa kodokushi, wato mutuwar kaɗaici.

Mazauna rukunin ba su jira gwamnati ba. Ƙungiyarsu ta buɗe lambar waya da maƙwabci zai kira in ya ga abin da bai gane ba, ta kafa cibiyar rigakafin mutuwar kaɗaici a 2004, daga baya ta buɗe ɗakin shan shayi inda tsofaffi ke zama su yi hira. Ta kuma ƙulla yarjejeniya da masu raba jarida da mai gyaran makulli, ta raba katin da mutum zai rubuta sunan likitansa da wanda za a kira in wani abu ya faru. Da na zaga tsakanin benayen da rana, alamomin da masu sintiri ke dubawa na yi ta nema: jaridu sun cushe a ramin ƙofa, shanya ta kwana uku a baranda har ruwa ya dake ta, fitila na ci da tsakar rana, labule bai motsa ba tun shekaranjiya. Alama ta ƙarshe ita ce ƙudaje a jikin gilashin taga ta ciki. In an kai ga wannan, an makara.

Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce. Hukumar 'yan sandan ƙasar ta ce a 2024 mutum 76,020 da ke zaune su kaɗai sun rasu a gida, 58,044 daga ciki masu shekara 65 zuwa sama. Amma wannan adadi ya haɗa har da tsohuwar da 'yarta ta yi waya da ita da dare, ta zo da safe ta tarar rai ya yi halinsa. Shi ya sa gwamnati ta ware waɗanda sai bayan kwana takwas ko fiye aka gano su, ta ƙiyasta su 21,856 a shekarar. A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi gaskiya, domin mutumin da ya yi mako cur ba wanda ya neme shi, tun yana da rai aka daina nemansa. Kusan kashi huɗu cikin biyar nasu maza ne, kuma da yawa ba su ma tsufa can ba. Hanyar kusan ɗaya ce: aiki ya ƙare, da ma duk abokan na wurin aiki ne, aure ya mutu ko ba a taɓa yi ba, ga giya, ga ciwon suga ko hawan jini da aka daina zuwa asibiti a kansa. Ɗaki ya cika da shara, kunya ta hana a buɗe wa kowa. Ga kuma tarbiyyar gudun meiwaku, wato ɗora wa wani nauyi, wadda ke sa mai jinya ya ce lafiyarsa lau alhali ya kwana biyu bai ci komai ba.

Da na koma Tokiyo na nemi sanin aikin masu share irin waɗannan ɗakuna, sana'a ce mai zaman kanta da ake kira tokushu seiso. Ba sa shiga sai 'yan sanda sun gama bincike sun ɗauke gawa. Da zafin bazara wari kan fara cikin kwana biyu ko uku. Da hunturu ana iya daɗewa, sai dai in bargon lantarki ko na'urar ɗumama ɗaki na kunne, sai ta gaggauta ruɓewa. Suna farawa da feshin kashe ƙwayoyin cuta da ƙwari, kuma ba sa buɗe taga da wuri saboda maƙwabta. Sai a naɗe katifa a ɗaure cikin leda, a ɗaga tatami, tabarmar daɓe mai kaurin kusan santimita biyar. In ruwan jiki ya ratsa ta, dole a yanke katakon da ke ƙasa, in ya kai siminti a kankare a shafe da abin toshewa. Kuskuren masu arha shi ne su goge sama su fesa turare, zafi na dawowa warin ya taso daga ƙarƙashin daɓe. Takardar bango ma ana ɓare ta, sannan a rufe ɗakin a kunna na'urar iskar ozon, ba kowa a ciki domin tana cutar da huhu.

Kayan mamaci su ne babbar rigima. Ana ware littafin banki, hatimin sa hannu, wasiyya da hotuna. Mai gida ba shi da ikon zubar da sauran, na magada ne. Magadan kuwa suna da wata uku daga ranar da suka sani su je kotu su ce sun yafe gadon, abin da da yawa ke yi don gudun bashi, kuma wanda ya sayar da kayan ana iya ɗaukarsa ya karɓi gadon har da bashin. Sai ɗaki ya zauna a kulle wata da watanni. Ka'idar da ma'aikatar ƙasa da sufuri ta fitar a 2021 ta ce mutuwar tsufa ko ciwo ba sai an faɗa wa sabon ɗan haya ba, amma in ta kai ga shara ta musamman, sai an faɗa har kimanin shekara uku. Wannan na cikin abin da ke sa masu gidaje ƙin ba tsoho marar iyali haya.

Tsarin kula da tsofaffi kuwa yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Tun 2000 Japan ke da inshorar jinya ta dogon lokaci, kowa na fara biya daga shekara 40. Mai buƙata zai miƙa takarda a ofishin ƙaramar hukuma ko cibiyar tallafi ta unguwa. Ma'aikaci zai zo gida da tambayoyi 74: yana iya tashi da kansa, yana iya wanka, yana haɗiye abinci, yana tuna abin da ya yi ɗazu. A haɗa da ra'ayin likitansa, kwamiti ya sa shi a ɗaya daga matakai bakwai, biyu na tallafi biyar na jinya, bisa ƙa'ida cikin kwana 30. Daga nan manajan jinya zai tsara masa mako: mai taimako a gida, ma'aikaciyar jinya, wanka, gadon asibiti na haya. Yana biyan kashi 10 na kuɗin, mai samu da yawa kashi 20 ko 30. Gidan tsofaffi na gwamnati mai sauƙin kuɗi, tun 2015 sai wanda ya kai mataki na uku na jinya ake karɓa, in ban da wasu dalilai na musamman.

Raunin tsarin a bakin ƙofarsa yake: sai ka nema ake ba ka, kuma mutumin da ya fi buƙata shi ne wanda ba zai nema ba. Akwai kuma tsohon da ranar tantancewa zai daure ya miƙe tsaye don kada a ga gazawarsa, a ba shi matakin da bai kai halinsa ba. Cike wannan giɓi ya rataya a wuyan minsei-iin, 'yan sa-kai wajen 230,000 da ake naɗawa na shekara uku ba albashi, suna bi gida-gida. Su ma akasarinsu sun manyanta, kuma samun masu maye gurbinsu na wuya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa wanda ke zaune shi kaɗai na iya yin jinyar ajali a ɗakinsa cikin mutunci, in an shirya. Ana haɗa shi da asibitin unguwa mai zuwa gida wanda ke amsa waya dare da rana, da ma'aikatan jinya masu ziyara, da masu taimako da ke leƙowa sau da yawa a yini. Ana barin makulli a ƙaramin akwati mai lamba a bakin ƙofa. Ana tanadin maganin raɗaɗi tun kafin haɗiya ta gagara, irin na mannawa a fata ko na sakawa ta dubura. Ana kuma zama da shi tun yana iya magana a rubuta abin da yake so: a kai shi asibiti ko a bar shi, a danna ƙirji ko kada a danna. Inda abin ke lalacewa shi ne daren da maƙwabci ko ɗan'uwa daga nesa ya firgita ya kira 119, lambar neman motar asibiti. Ma'aikatan motar asibiti aikinsu ceto ne, a mafi yawan lokuta za su fara danna ƙirji su ɗauke shi. In kuma sun tarar ya riga ya cika, 'yan sanda za su shigo. Da likitan da ke duba shi aka kira, zai zo ya duba gawar ya rubuta takardar mutuwa in ciwon da ake jinya ne ya yi sanadi. Saboda haka ake manna lambar ma'aikatan jinya da manyan haruffa kusa da gado. Wasu unguwanni kuma na raba gorar roba da ake sa takardar magunguna da lambobin waya a ciki a ajiye a firji, da alama a jikin ƙofarsa, domin firji ne abin da baƙo zai gano nan take a kowane gida.

Na'urori ma sun shigo. Kamfanin Zojirushi ya fito da butar shayi ta lantarki a 2001 wadda ke sanar da dangi lokacin da aka yi amfani da ita. Akwai masu lura da buɗe ƙofar bayi ko amfani da wuta. Matan da ke raba abin sha na Yakult sun fara leƙa tsofaffi tun 1972. Duk suna rage kwanakin, amma saƙon na'ura sai ya sami mai karantawa, kuma mai karantawar sai yana da makulli ko ikon sa a buɗe.

Na biya ta Sanya, kusa da tashar Minami-Senju, tsohuwar unguwar 'yan ƙwadagon yini da suka gina Tokiyo. Sun tsufa a ɗakunan haya masu faɗin tatami uku, da yawa sun yanke hulɗa da danginsu shekaru aru-aru. Ƙungiyoyin agaji na ba su magani, da gidan jinyar ƙarshe, har da kabarin haɗaka, domin tambayar da ke damunsu ita ce inda ƙasusuwansu za su kwanta.

Wannan tambaya ce ta kai ni Yokosuka, ƙasa da awa ɗaya daga tashar Shinagawa. A Japan kusan kowa ƙona gawarsa ake yi, kuma doka ta ce in babu mai ɗaukar nauyi, shugaban ƙaramar hukuma ne zai yi. Wani binciken gwamnati ya samu tokar mamata kusan 60,000 a ajiye a hannun ƙananan hukumomi a watan Oktoba na 2021, ba mai karɓa. Mafi yawansu an san sunansu da adireshinsu. Dangin ne ba a samu ba, ko an samu sun ƙi. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin, domin lambobin 'yan'uwa na cikinta, ita kuma a kulle take.

Birnin Yokosuka ya ɓullo da shiri biyu. Na 2015 na tsofaffi marasa galihu ne masu ƙaramin samu: mutum zai ƙulla yarjejeniya da kamfanin jana'iza tun yana raye, ya biya kuɗi daidai ƙarfinsa, ma'aikatan birni su riƙa leƙa shi, in ya rasu su tabbatar an cika alkawari. Na 2018 kowane mazaunin birnin na iya shiga kyauta. Takarda ce kawai: wanda za a kira, likita, inda aka ajiye bayanin irin jinyar da mutum ke so, inda wasiyya take, inda kabarin iyali yake. In ya faɗi a hanya ko an tsince shi a ɗaki, asibiti ko 'yan sanda su tambayi birni, birni ya amsa. Layin kabarin da ke cikin takardar na daɗe ina dubawa. Ba don shi ba, matar da mijinta ya riga ta, ba su da ɗa, za a iya ajiye tokarta a ma'ajiyar hukuma alhali kabarin mijin na cikin garin, da gurbinta a gefensa.